Mai Laifin da Ya Tuba a Kan Gicciye

A sura ta 23 ta Linjilar Luka akwai wani mutum da ko sunansa ba a faɗa ba. Mai laifi ne, an gicciye shi gefen Yesu, rai ya kai maƙogwaro. Ɗayan mai laifin da aka gicciye tare da su na ta baƙar magana, shi kuwa ya kwaɓe shi, ya amsa laifinsa, ya roƙi Yesu ya tuna da shi. Nan take aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Masu wa'azi ba sa gajiya da wannan labari. Mutumin ba shi da lokacin azumi ko sadaka, hannayensa ma a kafe suke jikin itace. Abin da ya samu shi Kiristoci ke kira alheri, wato kyautar Allah da ba a saye, ba a kuma biyanta da aiki, rai madawwami kuma yana cikinta. Tuba kuwa, a Helenancin asali, tana nufin sauya tunani, mutum ya juyo daga hanyar da ya ɗauka.

To ina matsayin aikin kirki? Tambayar ta raba kan ikilisiyar Turai bayan Martin Luther ya ƙalubalanci sayar da takardun sassauta horon zunubi a Jamus a 1517. Sai a 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu cewa ceto daga alherin Allah yake, aikin kirki kuma yana biyo bayansa.