Kalmomin kisa: abin da shari'o'in Ruwanda suka koya wa masu nazarin ma'ana

1. Gabatarwa

Daga 7 ga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli na shekara ta 1994, an kashe mutane kimanin 800.000 a ƙasar Ruwanda, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, akasarinsu ƴan ƙabilar Tutsi. Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, wato Kinyarwanda. Ke nan wanda ya ba da umurni da wanda ya kashe da wanda aka kashe, duka sun fahimci abin da ake faɗa. A wannan maƙala za mu duba yadda wasu kalmomi na yau da kullum suka sake ma'ana, da yadda kotu ta bi ta gano sabuwar ma'anar, sa'an nan mu ga abin da wannan ya shafa a fassara zuwa Hausa.

2. Sauyin ma'ana

Ga misalai uku:

(1) inyenzi, "kyankyaso"
(2) ibyitso, "masu haɗin baki"
(3) gukora, "yin aiki"

Kalma ta (1), a shekarun 1960, suna ce ta mayaƙan Tutsi ƴan gudun hijira masu kai hari daga ƙetaren iyaka. Bayan da ƙungiyar FPR ta buɗe yaƙi a watan Oktoba 1990, jaridar Kangura da gidan rediyon RTLM, wanda ya fara aiki a 1993, suka riƙa faɗaɗa ta har ta haɗa kowane Batutsi, da mace da jariri. Haka (2) ta tashi daga mai taimakon ƴan tawaye ta koma kan maƙwabci. Wannan shi ne faɗaɗa ma'ana. Misali na (3) kuwa sakaya zance ne: a lokacin kisan, idan an ce wa jama'a su fita aiki, kowa ya san kisa ake nufi. Hanyoyin biyu suna taimakon juna, domin in mutum ya zama ƙwaro, kawar da shi ya zama aikin tsabtace gida.

3. Ma'ana a gaban alƙali

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotu ta musamman a watan Nuwamba 1994, mazauninta a Arusha, ƙasar Tanzaniya. Matsalar da alƙalai suka tarar ita ce, wanda ake tuhuma yana iya cewa mayaƙa yake nufi, ƙamus kuma ba zai ƙaryata shi ba. A shari'ar Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba, kotu ta saurari Mathias Ruzindana, malamin ilimin harsuna, kan ma'anar irin waɗannan kalmomi. A hukuncinta na 2 ga Satumba 1998 ta tsaya a kan cewa abin dubawa shi ne yadda masu sauraro suka fahimci maganar a wurin da lokacin da aka yi ta. Wannan ne karo na farko da kotun duniya ta kama mutum da laifin génocide. A Disamba 2003 kuma ta hukunta Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza na RTLM, da Hassan Ngeze na Kangura.

Akwai wata shari'a da ta fi shafar mu. Léon Mugesera masanin harshe ne da ya yi karatu a jami'ar Laval ta Kanada. A jawabinsa na 22 ga Nuwamba 1992 a Kabaya, ya yi zancen mayar da Tutsi ƙasar Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 koguna sun kwashi gawawwaki har tafkin Biktoriya. An daɗe ana gardama a kotunan Kanada kan fassarar jawabin da ma'anarsa, sai a 2012 aka mai da shi Kigali, inda aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016.

4. Matsalar fassara zuwa Hausa

Raphael Lemkin ne ya ƙirƙiro kalmar génocide a 1944, yarjejeniyar 1948 kuma ta ɗora ta a kan niyya: niyyar halaka wata al'umma, dukanta ko wani sashe nata, don kasancewarta wannan al'umma. A gidajen rediyo muna jin fassara biyu:

(4) kisan kiyashi
(5) kisan ƙare dangi

Misali na (4) yawan waɗanda aka kashe yake nunawa, bai ce komi ba game da niyya. Ban da haka, yana kamanta mamatan da ƙwari, wato irin kamancen da muka gani a (1), ko da yake mai faɗa tausayi yake nufi. Misali na (5) yana ɗauke da manufar mai kisan, domin aikatau ƙare yana nuna abin da ake son cimma, dangi kuma yana nuna jama'ar da aka nufa.

5. Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara a keɓe (5) ga génocide a takardun shari'a da na koyarwa, a bar (4) ga massacre. Muna kuma ganin ya kamata a sa shari'ar Akayesu cikin darasin ilimin ma'ana, don ɗalibai su ga yadda ake kafa hujja a kan abin da mai sauraro ya fahimta.