Inda mai son barin taba zai nemi taimako

Yawancin masu shan taba sigari sun taɓa yunƙurin dainawa, kuma abin da ke mayar da su baya shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin ganyen taba, wanda yakan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an zuƙi hayaƙi, har jiki ya saba da shi ta yadda rashinsa ke haddasa saurin fushi da rashin barci da kasa tattara hankali. Waɗannan alamomi sukan tsananta a kwanaki ukun farko, sannan su lafa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma a wannan ɗan tsakani ne mutum ya fi buƙatar wanda zai riƙe shi, amma abin takaici a lokacin ne aka fi barin sa da gori da wa'azi kawai.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005, wadda sashe na 14 nata ya ɗora wa gwamnatoci nauyin taimaka wa masu son dainawa, sannan dokar ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Duk da haka, mai tireda a bakin tasha yana nan yana sayar da kara ɗaya, wanda ke nufin mutumin da ya yi kwana goma yana daurewa zai iya rushe ƙoƙarinsa da 'yan canjin aljihunsa.

Taimakon da ya fi kusa yana asibitin unguwa, domin jagorar da hukumar ta fitar a 2024 ta nuna cewa shawarar ma'aikacin lafiya, ko da ta minti uku ce, tana da amfani, musamman idan an haɗa ta da magani. Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin daidai gwargwado, waɗanda ke rage ƙishirwar taba ba tare da gubar hayaƙi ba, a kuma riƙa rage su sannu a hankali, sai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da ba a sha sai da izinin likita, ko da yake tsadarsu da wahalar samunsu a kemis babban cikas ne. Wanda abin ya yi masa katutu, ko ya haɗa taba da wasu kayan maye, zai iya zuwa asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, kuma bai kamata kunyar sunan wurin ta hana shi ba, tun da jarabar sinadari tana cikin aikin likitocinsu.

Watan azumi ma dama ce da ba a cika amfani da ita ba, domin mai shan taba yakan yini bai zuƙa ba tun daga alfijir, kuma da limamai da ma'aikatan lafiya za su haɗa kai wajen sa wa mutane ranar dainawa a cikinsa, da da yawa ba su koma ba bayan salla. Iyali kuwa aikinsu shi ne kawar da ashana da kwali daga ɗaki, da haƙuri da fushin makonnin farko, da kuma raba mutum da majalisar da ya saba kunna sigari a cikinta har sai jikinsa ya daidaita.