Ƙaramin Zanzaro Mai Yaƙi da Murzunar Gero

Manomin gero a Roni, Kazaure, Babura da Gwiwa na jihar Jigawa ya san murzuna, wato tsutsar da ke shiga zangarniya tana cin fure da ƙwaya, ta bar sawu mai murɗewa kamar an nannaɗe zangarniyar da igiya. Maƙiyinta kuwa ba kowa ya san shi ba, domin wani ɗan zanzaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor, ba ya kuma harbin mutum. Macen kan harbi tsutsar ta sandare, sannan ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma su tsotse ta har ta mutu.

Tun daga 2006 cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, da ke da reshe a Maradi, tare da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, ta fara kiwon wannan ƙwaro, ana zuba shi a ƙananan jakunkunan algarara tare da gero da tsutsar da ke ɓata hatsi a rumbu, a rataye kimanin jaka 15 a ƙauye lokacin da gero ke fitar da kai, zanzaron kuma ya hayayyafa ya bazu cikin gonaki. Da yake Babura na kan iyaka da Nijar, kuma damina da geron iri ɗaya ne, ya kamata malaman gona na Jigawa su gwada wannan dabara.