Yadda Ake Tsara Ƙunshin Ganyen Shayi Iri Iri

Wanda ya tsaya gaban mai tebur zai sayi ganyen shayi ba ya ganin ganyen, ba ya kuwa jin ƙanshinsa. Kwalin kaɗai yake gani, a kansa kuma yake ba da kuɗinsa. Saboda haka masu sana'ar shayi ba su ɗauki ƙunshi abin ado kawai ba. Aikinsa uku ne: ya tsare ganyen, ya rarrabe wannan iri da wancan, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

Asalin ƙunshi

A da, shayi yakan zo Ingila daga ƙasar Sin cikin manyan akwatuna, 'yan kasuwa suna ɗiba suna aunawa mutane. Wannan ya buɗe ƙofar algus. Waɗansu sukan gauraya shi da ganyen itatuwan daji, waɗansu kuwa su busar da wanda aka riga aka dafa, su sāke sayarwa. A shekarar 1826 wani Bature mai suna John Horniman ya kafa cinikinsa, ya riƙa sayar da shayi cikin ƙunshi liƙaƙƙe, an auna shi daidai, da sunansa a jiki. A 1890 Thomas Lipton ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silan, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, ya riƙa sayarwa cikin fakiti na laba guda, da rabin laba, da rubu'i, domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Sunansa ya bi kwalinsa mai ruwan ɗorawa har kasuwannin ƙasar Hausa, inda mutane da yawa ke kiran kowane shayi mai zare da wannan suna.

Tsare ganye

Maƙiyan busasshen shayi huɗu ne, watau laima, da iska, da hasken rana, da warin abin da ke kusa da shi. Ganyen yana zuƙar danshi, yana kuma ɗaukar wari da sauri. In aka ajiye shi kusa da sabulu ko kananzir, ba a daɗe sai a ji su cikin kofi. Don haka akan yi ƙunshi riɓi biyu: na ciki takardar alminiyam ce ko leda mai kauri wadda aka liƙe bakinta, na waje kuwa kwali ko gwangwani. Mai tsara ƙunshi don ƙasa mai damina da hunturu tilas ya tuna da laimar watan Agusta da ƙurar watan Janairu duka biyu.

Rarrabe iri

Nan ne gwanintar take. Baƙin shayi da koren shayi duk daga itace ɗaya suke. Bambancinsu shi ne, na farko akan murza ganyen a bar iska ta juya shi har ya yi duhu, na biyu kuwa akan ɗumama shi da wuri don ya zauna kore. Akwai kuma waɗanda aka haɗa da citta, ko na'ana'a, ko kanumfari. In kamfani ɗaya yana da irin waɗannan guda biyar, ana so kwalayensu su zama kamar 'ya'yan gida ɗaya: tsagar fuskarsu ɗaya ce, amma kowa da sunansa. Watau sunan kamfani, da tambarinsa, da wurin da aka sa su, ba su sākewa. Abin da ke sākewa shi ne launi da hoto.

Launi kaɗai ba ya isa, gama waɗansu mutane ba su rarrabe ja da kore sosai, da dare kuma hasken fitila yakan ruɗar da ido. Shi ya sa akan ƙara hoto, kamar saiwar citta ko reshen na'ana'a, domin wanda bai yi karatu ba ya gane. Koren shayin Sin da ake dafawa a Agadas da Damagaram misali ne. Yakan zo cikin ƙananan kwalaye, galibi da hoton dabba, da lambar da ke nuna irin ganyen: 3505 ganye ne da aka dunƙule kamar ƙwayoyi, 41022 kuwa mai tsawo ne, a lanƙwashe. Mai saye yakan kira sunan dabbar, ɗan kasuwa kuwa lambar yake dubawa.

Kafin a buga kwalaye da yawa, ya kamata a jera samfurinsu bisa tebur cikin sauran kaya, a aiki yaro daga nesa ya ɗauko mai citta. In ya yi ta lalube, zanen bai yi ba.

Faɗin gaskiya

A jikin kwali dole a rubuta sunan abin, da nauyin ganyen ban da na kwalin, da sunan mai yi da inda yake, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai tsufa. A Nijeriya akwai kuma lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Wannan doka ta hau kan na waje da na gida, har da shayin da ake nomawa a Kakara, bisa tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba. Babban kwali mai ɗan ganye a gindi, ko hoton citta a inda babu citta, zamba ce cikin aminci.

Ana fata hakimai da malamansu za su bayyana wa sarakunan kasuwa da masu shayi waɗannan abubuwa, su riƙa duba liƙin baki, da kwanan wata, da lamba, kafin su saya. Ƙunshin da aka ga an buɗe an sāke liƙewa, ko an kankare kwanan watansa, sai a kai rahotonsa ga ma'aikatan lafiya na ƙasar.