Kuɗinka a aljihun wani: Darasin shugabanci daga kasuwannin ƙauye

Duk daren Asabar a lokacin kaka, kawuna yakan shimfiɗa tabarma a zauren gidansa da ke wani ƙauye a ƙasar Bichi, ya kira yaransa biyar, ya raba musu kuɗin sayen kaya. Washegari Lahadi ce, ranar da kasuwar Dambatta ke ci. Biyu za su tafi can, sauran ukun su bazu cikin ƙauyuka a kan babura, suna bin manoma gida-gida suna auno riɗi da wake da waken suya. Abin da kowane yaro ke cusawa a aljihu a wannan dare ya isa ya sayi sabon babur har ya yi saura. Babu takarda, babu sa hannu, babu shaida sai ni da na zo hutu, ina gefe ina riƙe da tocila.

Da suka fita na kasa yin shiru. Na ce, "Kawu, yanzu idan ɗayansu ya gudu da kuɗin nan fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ai ba yau na fara ba shi ba. Da kuɗin kwano goma ya fara."

A makaranta ana koya mana cewa shugaban kamfani yana tsara aiki, ya raba shi ga ma'aikata, sannan ya sa ido. Muna haddacewa mu zuba a takardar jarrabawa, mu ɗauka magana ce ta masu ofis da na'urar sanyaya ɗaki a Legas ko Abuja. Sai a zauren nan na gane cewa kasuwancin mutum ba ya wuce adadin mutanen da zai iya damƙa wa kuɗinsa ya kwanta ya yi barci. Mai yaro ɗaya kasuwa ɗaya yake ci a rana. Mai yara biyar yana wuri biyar a lokaci guda.

Wannan tsari ba sabo ba ne a ƙasar Kano, kuma shi ne ya gina arzikin da har yau ake ba da labarinsa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila na neman ta. Manoman karkarar Kano kuwa suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ana shuka ta a tsakanin gero da dawa, kuma idan kasuwa ta ƙi, iyali su ci abarsu ko mata su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Auduga ba ta shiga tukunya.

Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san hanyar ƙauye ba, ba su san manomi ba, manomi bai san su ba. Dole suka koma ga fataken goro, waɗanda suka daɗe suna kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja a ƙasar Ghana ta yau, kuma suna da yara da masu masauki a ko'ina. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, sai kuma wanda sunansa ya fi fita, Alhassan Ɗantata, Ba'agale, haifaffen Bebeji a 1877. A 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company gyaɗa. Lokacin da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, kuɗin azurfa da ya kai ajiya raƙuma ashirin ne suka ɗauko su.

Mu matasa a nan muke tsayawa, wajen raƙuman. Amma azurfar nan ba Ɗantata ne ya bi ƙauyuka da kansa ya tara ta kwano-kwano ba. Yara ne, kowannensu da kuɗin maigida a hannu, wani ma da gishiri da yadi na rabawa, suna ba manoma kafin alkalami tun kafin a tuge gyaɗa. Wani yaron ma yana da nasa yaran a ƙarƙashinsa. Dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna, wadda ta taru saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashe kayan da sauri, daga hannun irin waɗannan mutane ta fito, waɗanda ba a rubuta sunan yawancinsu a ko'ina ba.

Gyaɗar ta zo ta ƙare. Fari ya afka wa ƙasar daga 1972 zuwa 1974, cuta ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, hankalin gwamnati kuma ya riga ya koma kan man fetur. Ɗantata kansa ya rasu tun 1955, amma gidansa bai bi gyaɗa ƙasa ba. 'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun faɗaɗa zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Aliko Ɗangote, jikan Sanusi ta wajen uwa, da rancen jari daga dangin mahaifiyarsa ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970. Shi ma, in ka duba, an taɓa damƙa masa kuɗin wani.

Yau kasuwar hatsi ta Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa kan hanyar Katsina, ita ta gaji wannan aiki. Riɗi da zoɓo da waken suya da ake lodawa a tireloli zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, da gero da dawa da masara da ake kaiwa Nijar da sauran maƙwabta, yawancinsu da ƙananan awo suka fara. Gonakin yankinmu ƙanana ne, jama'a sun yi yawa, kowace shekara gona ɗaya ake nomawa ana ciyar da ita da taki. Ba kasafai za ka sami manomin da zai sayar maka da buhu hamsin a tashi ɗaya ba. Wannan kwano bakwai, wancan rabin buhu, wata tsohuwa kwano uku na riɗin da ta noma a bayan gida. Kafin tirela ɗaya ta cika, kayan sun ratsa hannun mutane da yawa, kuma kowane hannu wuri ne da za a iya yin gaskiya ko a yi algus.

Ga yadda na ga kawu yana tafiyar da nasa mutanen. Ba ya ɗaukar yaro don ɗan'uwa ne kawai. Cikin biyar ɗin nan ɗaya ne danginmu. Sabon yaro bin babba yake fara yi, yana riƙe bakin buhu, yana koyon yadda ake damƙar riɗi a murza a tafin hannu a gane ko ya bushe, ko an haɗa shi da yashi. Bayan kaka ɗaya sai a ba shi ɗan abin da idan ya salwanta ba zai karya kowa ba. Ya dawo da lissafi daidai, a ƙara. Kuma tun kafin ya fita ya san la'adarsa a kan kowane buhu, ba sai an sayar maigida ya ga dama ya ba shi na goro ba. Wannan ƙaramin abu, a ganina, shi ya fi komai tsare kuɗin kawu. Yaron da ya san rabonsa ba ya buƙatar ya ƙirƙiro wa kansa rabo a hanya.

A kakar bara ɗaya daga cikinsu ya kawo buhu huɗu na riɗi, da aka zazzage a sito sai ga yashi a gindin biyu. Na zaci za a yi tashin hankali a gaban 'yan dako. Kawu bai ce uffan ba sai bayan sallar isha'i, ya kira shi zaure su biyu, ni ina daga soro ina jiyo su.

"A wajen wa ka auna?"

"Alhaji, wallahi a ɗaure na same su. Rana ta yi, na ga mutumin dattijo ne, ban sa an juye ba."

"To dattijon ya koya maka karatu, ni zan biya rabin kuɗin makarantar, kai ka biya rabi. Gobe ka koma ka gaya masa na gaishe shi, kuma ba za mu ƙara sayen kayansa ba."

Bai kore shi ba, bai kuma yafe duka ba. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi yaron da ya yi kuskure ya faɗi gaskiya ya fi sabon da bai san halinsa ba, kuma idan ya tozarta shi a gaban mutane, gobe wani ya yi irin wannan kuskure ɓoyewa zai yi, ya cakuɗa mummunan cikin mai kyau a wuce da shi Dawanau. A can kuwa sunan kawu ne a jikin buhun, ba na yaro ba.

Wannan tsoro nasa ba na banza ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wanda ya zazzaga maganin a sito don kada ƙwari su ci masa buhu ashirin bai san yana rufe wa ƙasa guda ƙofa ba. Mai saye a ƙasar waje ba ya tambayar wane ƙauye. Sunan ƙasa yake riƙewa.

Sai dai ba zan yi wa kawu kara ba, tsarinsa yana da rami babba: duk lissafin a kansa yake. Wa ya karɓi nawa, wane manomi aka ba bashi da damina zai biya da kaka, buhu nawa ke sito a Dawanau, wane dillali ne bai cika kuɗi ba, babu wanda ya sani sai shi. Da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana goma sha biyu a tsakiyar kaka, sai komai ya tsaya cak. Yara suna zaune, kasuwa biyu ta ci ba su je ba, domin babu wanda ke da ikon fitar da kuɗi. Wani manomi ya zo ya ce buhu ɗaya ake bin sa, babban yaro yana ganin biyu ne, kuma babu abin da za a buɗe a duba. Aka bar shi a ɗaya.

Abin mamaki, mutanenmu suna ɗaukar rubuta bashi kamar rashin yarda ne. Ka ce wa mutum ya sa hannu, sai ya ce, "Au, ɓarawo ka ɗauke ni?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu ba ya kore amana. Yaron kirki ma shi ya fi amfana da shi, domin ranar da maigida ya manta, ko ya rasu magada suka taso, littafin ne zai wanke shi. Gidaje nawa muka sani a garuruwanmu da kasuwancinsu ya bi mai shi kabari, ba don 'ya'yan sun lalace ba, sai don babu wanda ya san inda dukiyar take?

Akwai kuma batun yanke shawara shi kaɗai. Shekarun baya duk wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye zuwa bazara riba yake ci, har abin ya zama kamar doka. A watan Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta kai maƙura, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. A watan Yulin wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara da wake, na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar da faɗuwa. Kawu yana cikinsu. Yaransa biyu sun gaya mini tun farko sun ga alamar kaya sun yi yawa a ƙauyuka, rumbuna cike, amma ba a tambaye su ba, su kuma suna jin nauyin su ce wa Alhaji ga abin da ya kamata. Su ne idonsa a kasuwa biyar, amma hannuwansu kawai yake amfani da su.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna da ɗan abin da suke juyawa: wani shagon cajin waya, wani POS, wata tana sayar da turare ko atamfa a ɗakin kwanan ɗalibai, wani kiwon kaji a bayan gida. Kukan da aka fi yi shi ne ba jari. Amma ka lura da abokinka mai POS ranar da yake da lacca ƙarfe takwas: ko dai ya rufe shago, ko ya bar wa ƙaninsa ya dawo ya tarar da giɓin da ba wanda zai iya bayaninsa. Ko an ninka masa jari sau goma, wannan matsalar tana nan, sai ma ta ƙara girma. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya da ya horar, wanda ya san rabonsa, da littafi ɗaya da su biyun za su duba da yamma. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ma, a kasuwannin ƙauye waɗanda aka san su aka yarda da su ne suka ci gaba da ɗaukar kaya a biya daga baya, baƙo kuwa ko da kuɗi cike da asusunsa sai kallo.

Kafin in koma makaranta na sayi littafi mai bango mai kauri, na ja layi huɗu a kowane shafi: suna, abin da aka karɓa, kayan da aka kawo, abin da ya rage. Na kai wa kawu ina ɗar-ɗar. Ya juya shi gaba da baya, ya ce shi bokonsa bai kai nan ba, da ajami zai rubuta. Na ce ai littafi bai damu ba. Sai ya miƙa wa babban yaronsa, wanda ya gama sakandare, ya ce, "Kai za ka riƙe. Duk daren Asabar ka karanta mini a gaban kowa."

Da na kira waya makon jiya, yaron ya ce sun kai shafi na goma sha tara. Ya ce an yi gardama sau ɗaya a kan kuɗin buhu uku na wake, aka buɗe littafi, sai ga shi Alhaji ne ya manta.