Hazo da asuba, hadari da dare: bazarar kudancin Amurka

Daga watan Maris zuwa Mayu, masu hasashen yanayi a jihohin kudancin Amurka kusan magana ɗaya suke nanatawa: a yi hattara da hazo da asuba, a sa ido ga hadari da tsawa daga la'asar zuwa dare. Hazon da hadarin uwarsu ɗaya, wato iskar da ke tasowa daga Tekun Meziko ɗauke da ɗumi da laima.

Da sanyi ya fara ja da baya, iskar nan takan doshi arewa. A lokacin ruwan bakin gaɓa a Teksas da Luwiziyana da Alabama bai riga ya yi ɗumi ba, to idan ta bi ta kansa sai ta yi sanyi, laimar cikinta ta taru ta zama hazo. Ya bambanta da hazon ƙurar da muka sani da hunturu, domin shi jiƙaƙƙe ne, yana lafewa a gilashin mota, direba ya kasa hango fitilar wanda ke gabansa. Manyan jiragen ruwa kan tsaya cak a mashigar tashar Houston har sai gari ya washe. Ranar 20 ga Maris, 1995, irin wannan hazo ya rufe doguwar gadar da ta ratsa ruwan Mobile a Alabama, motoci kusan 200 suka yi ta afka wa juna, mutum ɗaya ya rasu, wasu da dama suka jikkata.

Idan rana ta ɗaga hazo ya watse, laimar tana nan ba ta je ko'ina ba. Ƙasa ta yi zafi, iska ta fara hawa sama, ta tarar da mai sanyi da ta gangaro daga Kanada da busasshiyar da ta fito daga tuddan yamma. A can sama kuma wata iska na gudu ta wata fuskar dabam. Nan hadari ke haɗuwa ya riƙa juyawa, ya zubo ƙanƙara, wani lokaci ya sako mahaukaciyar guguwa.

Wannan tsohon labari ne. Abin da ya canza shi ne inda abin yake faɗawa. An daɗe ana ɗaukar filayen Oklahoma da Kansas da arewacin Teksas a matsayin gidan guguwa, har yanzu ma suna sahun gaba. Sai dai a 2018 masana biyu, Victor Gensini da Harold Brooks, sun duba bayanan 1979 zuwa 2017, suka ga guguwa na raguwa a sassan Teksas da Oklahoma, tana ƙaruwa a Misisipi da Alabama da Akansas da Tenesi da Kentaki. Wani zai ce ai ƙirga ce ta inganta, tunda na'urorin rada na zamani sun bazu a shekarun 1990, kuma yau kowa na da wayar ɗaukar hoto. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma masanan sun auna yanayin iskar da ke haifar da guguwar ita kanta, shi ma suka ga ya matsa gabas.

A kan dalili ne ake ja-in-ja. Ruwan Tekun Meziko na ƙara ɗumi, wannan an auna an tabbatar, kuma ruwa mai ɗumi ya fi ba iska laima. Kudu maso yammacin ƙasar na ƙara bushewa, abin da wasu ke ganin yana tura iyakar busasshiyar iska zuwa gabas. Akwai kuma La Nina, sanyin da ruwan Tekun Fasifik kan yi a wasu shekaru, wanda ke zuwa da bazara mai yawan hadari a kudu. Haka aka yi a 2011: tsakanin 25 da 28 ga Afrilu guguwa fiye da 350 ta sauka, mutum sama da 300 suka mutu, fiye da 230 a Alabama kaɗai. Masana na taka-tsantsan wajen ɗora komai a kan ɗumamar duniya, kuma ina ganin sun yi daidai.

Illar kuwa ba ta buƙatar muhawara. A filin Kansas ana hango guguwa daga nesa da rana tsaka. A Misisipi itatuwa da tuddai da ruwan sama ne ke ɓoye ta, kuma sau da yawa da dare take zuwa, mutane na barci. Bincike ya nuna guguwar dare ta ninka ta rana kisa fiye da sau biyu. Ga shi gidaje da yawa ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saboda ruwa a kusa yake in an haƙa. Babbar masifar ita ce gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da tirela a ajiye wa mai ƙaramin ƙarfi. Ba su kai kashi 10 cikin 100 na gidajen ƙasar ba, amma kusan rabin waɗanda guguwa ke kashewa a cikin gida a cikinsu suke mutuwa. Ƙanƙara kuma ta addabi kamfanonin inshora: a 2023 asarar da suka biya kan irin wannan hadari ta haura dala biliyan 50.

Dubi garin Rolling Fork na Misisipi, mai mutane ƙasa da 2,000, akasarinsu baƙaƙen fata. Ranar 24 ga Maris, 2023, cibiyar hasashen hadari da ke Norman a Oklahoma ta sa yankin a mataki na 4 cikin 5 tun kafin hadari ya haɗu. Wajen ƙarfe takwas na dare guguwa ta shiga garin, ta kashe mutum 17 a kan hanyarta, da yawansu a cikin gidajen tafi-da-gidanka. Hasashe bai yi kuskure ba ranar. Gargaɗin ƙarshe yakan ba mutum minti 10 zuwa 15 ne, kuma wanda ba shi da mota, babu ginin siminti kusa da shi, ba abin da zai yi da mintunan nan. A ganina kuɗin da kudancin Amurka ya fi buƙata yanzu na gina mafaka ne a unguwannin talakawa, wadda ƙofarta za ta kasance a buɗe da dare.