Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Cinye Layin Tayil a Banɗaki?

Daga Ƙaraye har Rogo, mai sabon gini yanzu ya fi son tayil a banɗaki a kan daɓen siminti. A sayo kwalaye daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, mai tayil ya shimfiɗa, ya kwaɓa farin siminti ya cike layukan da ke tsakani. Wani lokaci ko shekara ba a rufa ba sai layin ya fara marmashewa, tsintsiya tana kwaso gari, ruwan wanka yana shigewa ƙasa. Ga maganganu biyar da ake yawan ji a kan wannan matsala.

“A shafa sabon siminti a kan tsohon, shi ke nan.”

Jita-jita. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Sabon kwaɓi ba ya kama tsohon da ya ruɓe, balle wanda ya sha sabulu da maiƙo. Dole a ƙwaƙule layin, aƙalla kashi 2 cikin 3 na zurfinsa, a hankali don kada bakin tayil ya ɓalle. A share garin tas, a goge da jiƙaƙƙen soso, sannan a danna sabon kwaɓi har ya cika ramin.

“Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi kyau, don ya fi shiga lungu.”

Jita-jita. Yana shiga da sauƙi, amma ruwan da ya yi yawa idan ya ƙafe sai ya bar ƙananan ƙofofi, layin ya zama holoƙo. Kwaɓin kirki shi ne wanda zai tsaya a kan cokalin magini bai zube ba. Ruwan kuma ya zama mai tsabta irin wanda za a iya sha; na dam ɗin Challawa ko na rijiya, idan da laka a bar shi ya kwanta. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa masu buga bulo ke yi masa ban ruwa safe da yamma. A lokacin hunturu iska na zuƙe danshin layin tun bai kama ba, don haka a rufe ƙofa da taga, a riƙa yayyafa masa ruwa kaɗan-kaɗan. Kada a taka sai bayan awa 24, kada a yi wanka a kai sai bayan kwana 3.

“Zafi ba ruwansa da tayil.”

Jita-jita. A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila da Jamus, ana binne wayar lantarki ko bututun ruwan zafi a ƙarƙashin tayil don ɗumama ƙasa. Idan an kunna, daɓen ya buɗe. Idan an kashe, ya tsuke. Saboda haka can suke amfani da kwaɓi na musamman mai ɗan jure motsi, kuma ba sa kunna na'urar sai aikin ya kama. Mu ba mu da wannan na'ura, amma rana tana yi mana aikinta. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, a daren hunturu kuma ya sauko ƙasa da 15. Banɗakin tsakar gida marar rufi, ko mai kwano ba silin, shi ya fi shan wannan. Mai gida kan ce, “Malam, matse min su, ba na son ganin layi.” To, tayil ɗin da aka matse ba shi da wurin motsi: ko layin ya tsage, ko tsakiyar daɓen ta ɗago. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3, inda ƙasa ta haɗu da bango kuma a sa silikon maimakon siminti.

“Ruwan asid na wanke banɗaki ne ke cinye shi.”

Gaskiya. Asid yana narkar da siminti. Banɗakin zai yi fari fat, amma kowane wanki yana rage layin. Omo da buroshi mai laushi sun wadatar. Kuma kada a kuskura a haɗa asid da bilic, domin haɗin yana fitar da iskar guba mai cutar da huhu.

“Muddin an cike layi, ruwa ba zai shiga ba.”

Jita-jita. Simintin layi yana tsotsar ruwa ko da lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ceton banɗaki shi ne gangaren da ke kai ruwa bakin magudana ba tare da ya kwanta ba, da daɓe mai ƙwari a ƙasa. Kafin ka sayi ko da kilo ɗaya na farin siminti, ɗauki mukulli ka ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna daram zai ba da ƙara a dunƙule. Wanda ya yi ƙarar fanko, akwai rami a ƙarƙashinsa, galibi saboda an ɗiga siminti a kusurwa huɗu da tsakiya maimakon a baje ko'ina. Irin wannan tayil yana motsi duk lokacin da aka taka, kuma ko sau nawa aka cike layinsa zai sake farfashewa. Maganinsa a ɗaga shi, a gyara ƙasan, a mayar, sannan a zo kan layi.